Ranaku Uku, Kaya Ɗaya

Ina da tebur a sitonmu na hanyar Jibiya,
da kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
da fanka mai juyawa in ta ga dama.
Aikina in faɗa wa mutane yaushe kaya za su iso.

Injinan ban-ruwa arba'in da biyu,
na manoman rani na bakin madatsar Ajiwa.
Sun biya tun suna sussukar gero.

Na buɗe manhajar kamfanin jirgin ruwa,
ta ce Talata.
Na buɗe ta masu tirela,
ta ce Asabar.
Tamu ta gida, da Alhaji Gide ya saya da tsada,
ta yi ta juya ido, can ta ce Litinin ta sama.

Babu maƙaryaciya a cikinsu,
wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ita ta jirgi, isowa a wurinta
ita ce ranar da ƙugiya ta sunkuci kwantena
ta dire a Apapa.
Daga nan ta karkaɗe hannu.
Ba ta san akwai ƙasa bayan ruwan gishiri ba.
Agogonta ma na wani gari ne
inda ake rufe shaguna muna alwalar azahar;
tsakar darenta na riga tamu,
sai ta cinye mana kwana guda muna zaune.

Ta masu tirela gwanar lissafi ce.
Ta auna hanya, ta raba da gudun taya,
sai ka ce titi tabarma ce aka shimfiɗa.
Ba ta taɓa kwana a layin Mokwa ba,
ba ta san jami'in da ya tafi cin abinci
da hatimi a aljihunsa ba.

Tamu kuwa 'yar ƙa'ida.
Lahadi ba rana ba ce a wurinta,
Juma'a rabi ce,
kuma ko motar ta tokare ƙofa da hanci,
kaya ba su zo ba
sai na ƙirga, na sa hannu, na danna.
Bara ta karanta huɗu ga watan biyar
a matsayin biyar ga watan huɗu,
muka yi wata guda muna zagin direban da bai ma yi lodi ba.

Da hantsi Malam Bishir ya shigo,
laka ta bushe a dunduniyarsa.
Ya ce irin albasa ya isa dashe,
ba ya jin kira, ba ya jin lallashi.
Na juya masa fuskar kwamfutar.
Ya dubi ranakun nan uku
kamar mai taya akuya ya ji farashi uku daga baki ɗaya.
Ya ce, To wacce zan kai wa mutanena?

Na ɗauki waya na kira Tukur.
Bayan ƙara ta tara ya ɗaga,
ina jin guduma na dukan ƙarfe a bayansa.
Ya ce, Ina Tegina, ƙafar baya ta ci wuta.
Bakanike ya tafi neman gyaɗa.
Jibi ko gata, in mai kowa ya yarda.

Na rubuta wannan a bayan rasit, na miƙa.
Malam Bishir ya ninke, ya cusa a hula.

Motar ta shigo daren Alhamis,
ranar da babu wadda ta ambata.
Muka sauke da hasken waya,
guda biyu sun lotse a gefe.
Tukur ya yi barci a kan kwalaye, da takalminsa.

Da safe na kunna kwamfuta.
Duk ukun sun yi kore shar,
kowacce da tata ranar,
kowacce ta ce ta cika alkawari.

Na jawo tsohon littafina mai jan bango,
na busa wa biro iska don ya kama.